Babur Mai Ƙafa Huɗu: Ko Zai Iya Da Rairayin Jigawa?

Duk ma'aikacin gwamnatin da aka taɓa turawa rangadi cikin ƙauyukan da ke tsakanin Dutse da Kiyawa da Jahun, ko malamin gona ne, ko na asibiti, ko mai duba makarantu, ya san cewa wahalar tafiya tana farawa ne daga inda aka sauka daga kan kwalta. Tun daga ran 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, an shimfiɗa hanyoyi masu yawa, an haɗa manyan garuruwa da juna. Amma fa allurar rigakafi da takin zamani da akwatin zaɓe ba a bakin titi kaɗai ake jiransu ba, ana jiransu ne a unguwanni da rugage waɗanda ba a isa gare su sai an keta rairayi.

Sunan jihar kansa ya isa shaida. Jigawa dai ita ce tudun rairayi, kuma daga duwatsun Garu da na Birnin Kudu, in mutum ya miƙa arewa maso gabas, sai dutse ya ƙare, jigayi su karɓa, layi-layi, da kwari a tsakaninsu. Wani masanin labarin ƙasa na Ingila, A. T. Grove, ya bayyana a 1958 cewa waɗannan tuddai tsofaffin tulin yashin hamada ne da iska ta jera su a zamanin da ƙasar nan ta fi haka bushewa, daga baya ciyawa da itatuwa suka kama su suka tsaya. Watau abin da manomin Aujara ke shuka gero a kai ɗan'uwan abin da ke cikin Sahara ne, sai dai shi namu ya yi barci.

Shekarun baya na bi wata tawaga zuwa wani ƙauye a ƙasar Jahun, cikin sabuwar akori-kura mai jan ƙafa huɗu. Da tsakar rana muka faɗa wani kwari, mota ta kafe. Direbanmu saurayi ne, sai ya yi ta taka totur, taya na tono, har cikin motar ya kwanta a ƙasa. Muna nan tsaye sai ga wani dattijo a kan jaki, ya ce shi tsohon direban Land Rover ne tun zamanin En'e. Ya dubi direba ya ce, "Ɗana, ɗaga ƙafarka. Rairayi ba ya son fushi." Direba ya ce, "To, Baba, yaya za a yi?" Tsoho bai amsa ba, sai ya nemi tsinken ashana, ya bi tayoyin nan huɗu yana sace musu iska har kowacce ta yi tumbi. Aka yashe gaban tayoyin da hannu, aka shimfiɗa karan dawa, ya ce a sa ƙaramar giya a tashi sannu. Motar ta fita kamar ba ita ce ta kafe ba. Ya juya wajen shugaban tawaga ya ce, "Ranka ya daɗe, in kun hau burji a nemi mai faci ya mayar da iska, kada a manta."

Na tuna da wannan dattijo ne domin maganar da ake ta yi a kwanakin nan a kan babur mai ƙafa huɗu, wanda aka fara gani jefi-jefi a hannun 'ya'yan masu hali a manyan birane da bakin teku a Ikko, yawancinsu 'yan Kwatano. Na ji wasu abokan aiki na cewa da za a saya wa ma'aikatan karkara irinsa da an huta da kafewa. Na kuma ji ɗalibai na gardama a kan wanne ya fi gudu, da yadda ake ƙara masa wuta. Duka maganganun biyu sun cancanci a duba su da natsuwa, domin ta farko ta shafi dukiyar jama'a, ta biyu kuwa ta shafi rayukan samari.

Asalin wannan abin hawa daga Japan ne. Kamfanin Honda ya fitar da mai ƙafa uku a 1970, da manyan tayoyi masu laushi kamar balan-balan, don kasuwar Amurka. Suzuki ya kawo mai ƙafa huɗu na farko a 1982. Mai ƙafa ukun ya yi ta kifewa da mutane, musamman yara, har a 1988 kamfanonin suka yi yarjejeniya da gwamnatin Amurka suka daina sayar da shi. Shi mai ƙafa huɗu kuwa ya rabu gida biyu: akwai na wasa da tsere, akwai na aiki. Wanda bai san wannan bambanci ba zai sayi doki alhali jaki yake nema.

Na wasan mara nauyi ne, bai kai kilo 200 ba, sarƙa ke jan ƙafafunsa na baya kawai, yana da kuloci da giya irin na babur. A cikinsu akwai huɗu da suka yi suna. Yamaha Banshee, wanda ya fito a 1987, injinsa irin na tsohuwar Vespa ne da Suzuki 100 da ma'aikata suka saya da kuɗin Udoji a 1975, watau irin wanda ke ƙona fetur haɗe da baƙin mai yana hayaƙi. Fistin biyu gare shi da kafireta biyu, girman injin 347 cc. In ya ɗauki wuta a kan tudu ba a kama shi, amma a ƙaramin gudu ba shi da kuzari, ga shan mai, ga shi ba ya baya, kuma daidaita kafireta biyu su yi numfashi tare aiki ne na gwani. An daina sayar da shi a Amurka bayan 2006 saboda dokar hayaƙi, don haka duk wanda aka kawo mana daga can tsoho ne da ya sha hannu. Sai Yamaha YFZ450R, ɗan filin tsere, mai 449 cc, wanda ƙarfinsa ke can sama inda inji ke kururuwa. Yana son juyen mai a kai a kai da bakanike mai kayan awo a kusa. Sai Yamaha Raptor 700, mai fistin ɗaya ƙato, 686 cc, wanda ke ja tun daga ƙasa ba sai an matsa masa ba. Na huɗu shi ne Honda TRX400EX na 1999, wanda ya fi su duka rashin gudu, amma iska ke sanyaya shi, ba shi da lagireton da zai fashe, kafireta ɗaya gare shi, kuma duk bakaniken da ya iya kwance Honda CG125 a Dutse zai gane cikinsa in ya buɗe.

In ana son a san wanne ne gwanin rairayi a cikinsu, tseren Dakar ya riga ya yi alƙalanci. Wannan tsere ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin na farkonsa, wanda ya tashi daga Faris a ƙarshen Disamba 1978, ya ratsa ta Agadas da Yamai kafin ya kai Dakar a Janairu 1979. Ababan hawa 182 suka tashi, 74 suka isa. An soke na 2008 saboda matsalar tsaro, aka mayar da shi Kudancin Amurka daga 2009, sa'an nan Saudiyya daga 2020. Daga 2009 zuwa 2024 an ware wa masu ƙafa huɗu ajinsu, kuma Yamaha ne ya ci kowace shekara, Raptor 700 kuwa shi ne dokin da zakaru irin su Marcos Patronelli na Ajantina da Ignacio Casale na Chile suka hau. Abin lura shi ne ba injin da ya fi saurin juyawa suka zaɓa ba, sun zaɓi mai ja a ƙaramin gudu, wanda zai yini cikin zafi mako biyu bai gaji ba.

Abin Da Gyara Ke Bayarwa Da Abin Da Yake Karɓewa

Yanzu bari mu zo ga ƙara wa inji kuzari, inda samari suka fi zubar da kuɗi. Ƙa'idar ɗaya ce, ko a kan Raptor ko a kan Boxer ɗin ɗan acaɓa: duk abin da aka ƙara a wani gefe, an rage shi ne a wani gefen.

A fara da taya, domin ita ce ta fi kome tasiri kuma ba ta cin ko kwabo. Motar gida tana tafiya da iska wajen lamba 30 zuwa 35 a gejin mai faci. Babur mai ƙafa huɗu kuwa lamba 4 ko 5 ta ishe shi, har ma gejin mota ba ya iya auna ta daidai, sai nasa na musamman. Dalili kuwa shi ne taya mai tauri tana nutsewa, ta tara yashi a gabanta, ta zama kullum hawan tudu take yi wanda ita ta gina wa kanta. In aka rage iska sai tafin tayar da ke taɓa ƙasa ya ƙara tsawo, nauyi ya bazu, ta bi ta saman rairayi kamar yadda raƙumi ke yi da faffaɗan tafinsa. Abin da dattijon nan ya yi ke nan da tsinken ashana. Direbobin hamada kan sauke ta mota zuwa wajen lamba 15 ko 18. Haɗarin shi ne taya mai laushi tana zafi a kan kwalta, tana iya fita daga wili in an karya kwana da ƙarfi. Sau da yawa mai faci da bai saba da ƙafa huɗu ba yakan ɗura masa iska irin ta mota, mai shi ya tafi yana tsalle kamar ƙwallo, yana zagin kamfani.

Akwai wata taya da ake yi wa ƙwarya-ƙwarya kamar bakin cebur don kwasar yashi, wadda ake gani a hotunan masu wasa a hamadar Dubai. Ita wannan ba ta ƙasarmu ba ce. Rairayinmu ba tsantsa ba ne: ana tafiya kilomita biyu cikin yashi, sai burji, sai fako, sai gonar da aka girbe. Burji zai cinye ceburan nan cikin 'yan kwanaki. Abin da ya fi damun taya a nan shi ne ƙayar aduwa da ta bagaruwa da tushiyar karan gero bayan kaka, waɗanda ke huda taya mai taushi kamar mashi. Saboda haka taya mai kauri, mai ninki shida, ita ce ta dace, ko da ta ƙara nauyi ta rage gudu.

Na biyu shi ne faya-fayen nan masu haƙora da sarƙa ke kewayawa. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 38. Na gaba zai juya sau 2.7 kafin ƙafa ta juya sau ɗaya. In aka sa mai haƙora 13 a gaba, lissafin ya koma 2.9, watau ƙarfin ja ya ƙaru da kusan kashi 8 cikin 100, ƙarshen gudu kuma ya ragu da wajen kashi 7. Masu ɗaukar buhu a kan babur daga kasuwar Shuwarin ko Gujungu sun san wannan ba tare da alƙalami ba. Samari kuwa akasin haka suke yi, suna ƙara haƙoran gaba don allura ta hau a kan titin Kano zuwa Maiduguri, sa'an nan in sun shiga yashi babur ya kasa, su yi ta wasa da kuloci har ya ƙone. Ita sarƙar ma ba a cika mata mai a ƙasar rairayi, domin mai da yashi in sun haɗu sun zama dutsen niƙa.

Na uku shi ne kafireta, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Inji yana son iska da fetur a gwargwado, wajen kashi 15 na iska ga kashi ɗaya na fetur in an auna da nauyi. Amma iska ba ɗaya ba ce kullum. Iskar watan Afrilu a Dutse, sa'ad da zafi ke kai awo 40, ta fi ta awo 20 sakayau da wajen kashi 6 cikin 100, ga kuma tudun ƙasarmu da ya ɗara mita 400 bisa teku. Injin da aka daidaita a ƙasar sanyi kusa da teku, in an kawo shi nan, fetur zai yi masa yawa, ya yi ta shaƙewa yana baƙin hayaƙi. Da asubar hunturu kuma sai abin ya juya. Maganin shi ne a canja ɗan bututun da ke auna fetur a cikin kafireta zuwa mai ƙaramin rami, mataki ɗaya, a gwada, a kwance fulogi a duba. In bakinsa ya yi ƙasa-ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, an dace. In ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. In ya yi fari fat, to, a tsaya nan take, domin inji na cin kansa.

Wannan fari shi ne abin da ke faruwa ga babura da yawa tun da aka janye tallafin man fetur a Mayun 2023. Mai babur ya je gareji ya ce a ɗaure masa mai, bakanike ya matse har inji na tari, a yi murna an rage kashe kuɗi. Fetur kuwa ba ƙonewa kaɗai yake yi ba, yana sanyaya kan fistin. Abin da aka tara a gidan mai wata uku, sai a kai shi wajen mai sayar da fistin da ringi a rana ɗaya. Haka kuma mai huda salansa don a ji shi daga nesa: ya buɗe wa iska hanya bai ƙara fetur ba, zafi ya ƙaru, ƙarfin ja a ƙaramin gudu ya ragu. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Injuna irin na Raptor 700 ba su da kafireta, wata 'yar kwamfuta ce ke auna zafin iska ta fesa fetur daidai, kuma wannan ci gaba ne babu shakka. Sai dai ramin feshin ƙanƙane ne ƙwarai, man 'yan bumburutu mai ruwa da datti yana toshe shi, kuma in ya toshe a Harbo ba a gyara shi da sukuddireba a gindin bishiya.

Na bar matatar iska a ƙarshe don ita ce ran inji a ƙasar nan. Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Mai karatu ya ƙiyasta ƙurar da ke cikin wannan iska a watan Janairu, a bayan garken shanu. Ƙwayar rairayi ta fi ƙarfen ringi tauri, in ta shiga sai ta yi ta kankare silinda har inji ya fara shan baƙin mai. Masu tsere a ƙasashen waje sukan cire murfin akwatin matata don iska ta ƙaru, samarinmu kuma su gani a waya su kwaikwaya, sun manta cewa waɗancan suna kwance inji bayan kowane tsere. Abin da ya dace a nan shi ne matatar soso, a wanke ta, ta bushe, a shafa mata mai a matse, a sa giris a bakinta inda take haɗuwa da akwati, a kuma ajiye ta biyu a canja. Lokacin hazo kowace tafiya sai an duba.

Inda Ƙafa Huɗu Ke Kasawa

To, ko ya kamata a saya wa ma'aikatan karkara? Na wasan dai a cire shi daga lissafi, ba shi da wurin ɗora akwatin sanyi na rigakafi, ba a goyo a kansa, tankin Raptor lita 11 ne kawai kuma shan mansa ya ninka na Boxer aƙalla sau uku. In za a yi magana, sai a kan na aiki, irin su Honda Foreman da Yamaha Grizzly, masu jan ƙafa huɗu duka, da ƙaramar giya, da wurin kaya gaba da baya, waɗanda manoma da makiyaya ke amfani da su a Ostareliya da Ingila. A cikin rani, a hanyar amalanke mai zurfin yashi, babu shakka wannan zai wuce inda babur ke tangaɗi mai shi na jan ƙafa.

Amma shekara ba rani ba ce kaɗai. Faɗin ƙafa huɗu ya fi mita ɗaya, hanyar da ke tsakanin gonaki da damina kuwa sawun mutum ɗaya ce. Malamin gonar da ya tattake wa manomi kunya biyu na gyaɗa kafin ya isa ya koya masa noma, ban ga da wane baki zai yi magana ba. A fadamun Miga da Jahun, in ruwa ya cika, kamar yadda aka gani a ambaliyar 2022, mutum biyu na ɗaga babur su sa a kwalekwale a haye. Na aikin nan kuwa ya kai kilo 300. Ga kuma kayan gyara: na Boxer da Jincheng ana samunsu a kowace kasuwar mako, na wancan sai an aika Kano ko Ikko, wani sa'in ma ƙasar waje. Mun sha ganin motocin da aka saya da kuɗin jama'a suna ruɓewa a harabar ofis saboda ƙarfe ɗaya da bai fi tafin hannu ba.

Sa'an nan akwai haɗari, wanda kamanninsa ke ɓoyewa. Mutum ya ga ƙafa huɗu sai ya ɗauka ba ya faɗuwa. Alhali a yawancinsu ƙafafun baya a kan sanda ɗaya suke, suna juyawa tare, ba kamar mota ba da ta ciki ke rage gudu a kwana. A cikin yashi ƙafa ɗaya na zamewa, kwana ta yiwu. A kan kwalta taya na kama ƙasa, sai abin ya ƙi juyawa ko ya ɗaga gefe ya kife a kan mai shi. Kamfanonin da kansu sun manna gargaɗi a jikinsa cewa kada a hau titi da shi, kada a yi goyo, kada a ba yaro na manya, kada a hau ba hular kwano. A Ostareliya mutuwar manoma a ƙarƙashinsa ta kai ga an kafa doka cewa daga Oktoba 2021 duk sabon na aiki sai an sa masa ƙarfen da zai hana shi danne mutum in ya kife, har Honda da Yamaha suka gwammace su daina sayar da irinsa a can. Wanda ya saya wa ɗansa ɗan shekara 12 don ya yi ta zagaye unguwa ranar Salla ya kamata ya san wannan.

Shawarata ga duk hukumar da ke tunanin saye ita ce kada a yi odar ko guda goma bisa hoton da ɗan kwangila ya kawo. A sayi biyu, a ba ma'aikata biyu da aka koya wa hawa, a haɗa su da babura biyu na gida waɗanda aka sa wa taya mai gurzau, aka rage haƙori ɗaya a gaba, aka gyara matatar iska. A sa su hanya ɗaya, a Afrilu da Agusta da Janairu. Ɗaliban sashen injiniya na makarantun kimiyya da fasaha na jihar su riƙe littafi, su rubuta litar man da kowanne ya sha, da sa'o'in tafiya, da sau nawa ya kafe, da kwana nawa ya yi a gareji yana jiran kaya, da ƙauyuka nawa ya kai allura kafin ƙanƙarar akwati ta narke.